Sa'a Guda Tsakanin Banɗaki da Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ɗakin gwaji na asibiti da hantsi ya san irin dattijon nan. Yana can ƙarshen benci, hannunsa ɗaya cikin aljihun babbar riga. Ana kiran masu ba da jini suna tashi, masu kawo fitsari suna ajiyewa suna wucewa, shi kuwa yana jiran layi ya watse. Sai dab da azahar, da ya ga babu idon sani, ya matso taga ya zaro baƙar leda da aka ƙulle sau uku, samfurin bayan gidansa a ciki. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ƙarfe nawa aka yi shi?" Ya kawar da kai ya ce, "Tun bayan asuba, 'yata." Ta karɓa, don ba ta son kunyata sa'an mahaifinta. Washegari aka miƙo masa takarda an rubuta ba a ga komai ba, alhali cikinsa na nan yana murɗawa kamar shekaranjiya.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ma'aikaciyar ma ba ta yi ha'inci ba. Abin da ake nema ne ya mutu a aljihu tun kafin a kira sallar azahar.

Gwajin jini a hannun ma'aikaci yake tun daga farko: shi zai ɗaure hannu, ya soka allura, ya zuba a kwalbar da ta dace. Gwajin bayan gida kuwa rabinsa a hannun mara lafiya yake, a banɗakin gidansa, babu mai duba shi, kuma sau da yawa babu wanda ya yi masa bayani. Likita ya rubuta takarda cikin gaggawa, ɗakin gwaji ya miƙa kwalba, kowa na nauyin bakin furta kalmar. Mu da ko sunan abin ba ma son faɗa, sai mu ce bahaya, mu ce an zaga, mu ce an kewaya, ba abin mamaki ba ne a bar mutum ya yi ta lalube shi kaɗai. To amma ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambayar farko da ya kamata mutum ya yi kafin ya bar gaban likita ita ce, me ake nema a ciki? Domin "gwajin bayan gida" suna ne guda da ya tattara ayyuka daban-daban, kowanne da sharaɗinsa. Akwai dubawa da madubin likita don neman ƙwan tsutsar ciki da ƙananan halittu irin su amiba mai kawo atini. Akwai shuka ƙwayoyin cuta a faranti a jira su tsiro, kamar na taifot da kwalara. Akwai neman alamar ƙwayar da ke kawo gyambon ciki. Akwai neman ɓoyayyen jini da ido ba ya gani. Abin da ke kiyaye ɗaya yana iya ɓata wani. Sanyin firji, alal misali, yana adana samfurin da za a nemi ƙwan tsutsa a cikinsa, amma yana kashe motsin amiba, kuma wannan motsin ne mai dubawa ke son gani.

A nan lokaci ya shigo. Amiba mai rai tana tafiya a ƙarƙashin madubi, tana miƙa jiki tana janyewa, wani lokaci a gan ta da jajayen ƙwayoyin jinin da ta haɗiye. Da ta bar ɗumin hanji sai ta fara mutuwa, ta dunƙule, ta koma kamar tarkace. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shimfiɗa ta ce gudawa mai ruwa a duba ta cikin minti 30 da fitarta, mai laushi cikin sa'a guda, mai tauri kuma tana iya kaiwa sa'a 24 idan an ajiye ta a sanyi. A lura, daga lokacin fita ake ƙirgawa, ba daga lokacin da aka miƙa ta taga ba. Wanda kuma za a shuka, ana son ya isa cikin sa'a biyu, don ƙwayar Shigela mai kawo atini ba ta da juriya: da bayan gida ya huce ya fara tsami sai ta mutu, sauran ƙwayoyin hanji na yau da kullum su mamaye farantin. Ƙwan tsutsar nan mai ƙugiya da ke shan jini a hanji shi ma ba ya jira; a zafi irin namu yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, a zo ana neman ƙwai a tarar da 'ya'yan tsutsa masu kama da na wata daban.

Duk waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne a ƙasashen da zafin ɗaki bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Yanzu a ɗauko watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, a sa kwalba a aljihun gaba, a hau ɗan sahu a tsaya a cunkoso. A ganina, ga mai atini ko gudawa, dabarar da ta fi kowace ita ce kada a ɗauka a gida sam. A karɓi kwalba, a nemi banɗakin asibitin, a yi a can a miƙa da ɗuminsa. Na san halin da banɗakunan wasu asibitoci ke ciki, ba sai an faɗa mini ba. Duk da haka minti biyar na toshe hanci ya fi biyan kuɗin gwaji sau biyu. Inda hanya ke da nisa, a tambaya ko suna da kwalba mai ruwan adanawa. Akwai mai ruwan fomalin, wadda ke sandarar da ƙwai da amiba yadda suke, ana zuba kashi ɗaya na samfur cikin kashi uku na ruwan. Akwai kuma mai wani abu kamar kamu da ake kira Cary-Blair, wanda ke riƙe ƙwayoyin cuta da rai a hanya, shi ma'aikata ke amfani da shi lokacin ɓarkewar amai da gudawa. Ruwan fomalin guba ne, a ɗaga shi daga inda yara za su kai hannu.

Sai yadda ake ɗaukar. Takardun da ke zuwa da kayan gwaji daga waje sun ɗauka kowa na da masai na zama, har su ce a shimfiɗa leda ko jarida a bakinsa don a tare abin kafin ya taɓa ruwa. Ga mai irin wannan banɗaki shawarar daidai ce. Ga mai masai na rami ko na tsuguno, abin da ya fi sauƙi shi ne fo na yara, a wanke a shanya ya bushe sarai, ko a shimfiɗa sabuwar leda a cikinsa. A fara yin fitsari a gama tukuna, domin fitsari na kashe motsin ƙananan halittun nan yana kuma gurɓata sakamako. A ajiye buta gefe sai an gama ɗiba. Ruwa, ko na tsarki ko na masai, yana fasa wasu ƙwayoyin yana kawo wasu baƙi, balle a ce an zuba maganin wanke banɗaki. Kada kuma a yi a ƙasa a kwasa. Ƙasa cike take da ƙananan tsutsotsi marasa cutarwa waɗanda a ƙarƙashin madubi suke kama da masu cuta, sai a rubuta wa mutum maganin abin da ba ya cikinsa.

Kwalbar ɗakin gwaji tana zuwa da ɗan cokali manne a murfinta. Ba a cika ta. Kwatankwacin ɗan dabino ya isa, in mai ruwa ne kuma ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Wasu kan cika fal don a ga sun yi ƙoƙari, iska ta taru a ciki saboda zafi, ma'aikaci ya buɗe murfi ya sha wahala. Wurin da ake ɗiba ya fi yawan abin muhimmanci: inda aka ga majina ko jini ko wani launi daban, nan za a kai cokali. Wannan shi ne ɓangaren da mai kunya ke kauce wa, ya zaɓi gefen da ya fi "kyau", kamar mai kai samfurin hatsi kasuwa. Idan babu abin da ya bambanta, a ɗan taɓa daga wurare biyu ko uku, don ƙwai ba ya bazuwa daidai. A rufe da kyau, a rubuta suna da rana da ƙarfe nawa a jikin kwalbar, ba a murfi ba, a sa cikin leda, a wanke hannu da sabulu. Ruwa kaɗai ba ya wadatarwa a wannan karon.

Da can kwalin ashana mutane ke kawowa, har yanzu ma akan gani a karkara. Kwali na tsotse ruwa, abin ya bushe ya zama banza. Mafi muni ita ce tsohuwar kwalbar maganin yara da aka ɗauraye, don ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a gindinta ya isa ya hana komai tsirowa. Kwalbar man shafawa kuma tana barin ɗigon mai da ke rufe wa mai dubawa gani.

Jarirai na da tasu matsalar. Famfas an yi shi ne don ya shanye ruwa, ruwan kuwa shi ne ake so a gudawar yaro. Uwa ta kankaro abin da ya saura a sama ta kawo, ashe mai amfanin ya shige cikin audugar. Dabarar ita ce a shimfiɗa yankin leda mai tsabta a cikin famfas ta ɓangaren baya, ko a saka masa shi a juye, a zauna kusa, yana yi a kwashe nan take kafin fitsari ya haɗu da shi. Amma a faɗi gaskiya, mafi yawan gudawar yara mai ruwa ba ta ma buƙatar gwaji. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 su ne magani, kuma ba a jinkirta su don ana jiran sakamako. Haka babba da ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin yana danƙo kamar kwalta, ko yana zubar da jini sosai, ko gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa tana zuba babu tsayawa: wannan asibiti zai nufa kai tsaye, a ɗebi samfur a can.

Akwai abin da ke ɓata gwaji tun kafin a shiga banɗaki, wato kemis. Da wuya mutum ya iso gaban likita da ciwon ciki bai riga ya sha Flagyl na kwana biyu ba, ko wani kafso da maƙwabci ya ce ya yi masa aiki. Maganin bai kai ya warkar ba, amma ya kai ya ɓoye abin da ake nema. Magungunan kwantar da zafin ciki masu kama da alli, da man da ake sha don sakin ciki, da farin ruwan da ake ba mutum kafin hoton hanji, duk suna dagula abin da za a gani, har a ce a jira mako guda ko fiye. Jiƙe-jiƙen gargajiya na basir da na shawara da filasko su ma a ambace su. Ba wai a daina shan magani da kai ba. A dai faɗa wa likita abin da aka sha da ranar da aka sha, shi zai yanke ko a yi yanzu ko a dakata.

Wannan ya fi tsanani a gwajin gyambon ciki. Tun da likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta ce ke haddasa mafi yawan olsa (Marshall har shan ƙwayar ya yi a 1984 don a yarda da shi, suka sami kyautar Nobel a 2005), aka sami hanyoyin gano ta. Binciken da aka yi a Maiduguri tun farkon shekarun 1990 ya nuna galibin waɗanda aka gwada suna ɗauke da ita, da masu ciwo da marasa ciwo. Gwajin jinin da aka fi yi a wurarenmu tabon haɗuwa da ƙwayar yake nunawa, yana iya ci gaba da cewa akwai ko bayan an kashe ta da daɗewa, shi ya sa za ka ga mutum ya sha maganin olsa zagaye uku bisa takarda iri ɗaya. Na bayan gida shi ke nuna ko tana nan yanzu. Sai dai sharaɗinsa mako biyu babu maganin olsa na omeprazole da danginsa, mako huɗu babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya haɗiyi omeprazole da safe ya kai samfur da hantsi, yana iya samun takardar da ta wanke shi alhali ƙwayar lafawa kawai ta yi.

Ko an kiyaye komai, samfur ɗaya ba ya yanke hukunci. Jiyardiya, wadda ke kawo kumburin ciki da gudawa mai kumfa da wari, ba kullum take fita ba. Yau a gan ta, gobe babu. Don haka likita kan nemi samfur uku a ranaku daban-daban, mara lafiya kuma ya ɗauka ana son cin kuɗinsa ne. Wasu ma sukan raba na rana ɗaya cikin kwalabe uku, an yi ba a yi ba ke nan. Ƙananan fararen tsutsotsin nan masu sa yara sosa dubura da dare kuwa da wuya a ga ƙwansu a bayan gida, saboda a fatar waje suke zuba shi. Da salatif ake ɗauka da sassafe kafin wanka. Tsargiya mai fitsarin jini a fitsari ake nemanta, 'yar'uwarta ta hanji ce ake nema a bayan gida. A ɗaya gefen kuma akwai "an gani" da ba ya nufin ciwo. Tun 1993 aka tabbatar da cewa amiba mai cuta tana da tagwaiya marar cutarwa wadda madubi ba ya iya bambanta ƙwansu, kuma marar cutarwar ta fi yawa. Mutum lafiyarsa ƙalau a rubuta masa amiba, a ɗora shi kan Flagyl mai ɗacin baki na kwanaki, ainihin abin da ke damunsa kuma a bar shi.

Taifot ma haka. A makon farko a jini aka fi samun ƙwayar. A bayan gida sai mako na biyu da na uku. Wasu kuma sukan warke amma ƙwayar ta zauna a matsarmamarsu suna zubar da ita shekaru, shi ne dalilin gwada masu dafa abinci. Shahararriya a wannan ita ce Mary Mallon, wata kuku a birnin New York, wadda a 1907 mai bincike ya je ya nemi samfurin bayan gidanta ta koro shi da cokali mai yatsu na yanka nama. Sai da 'yan sanda aka kamo ta. Ashe ƙin ba da wannan samfur ba halin Bahaushe kaɗai ba ne.

Gwajin da aka gina shi musamman don gida shi ne na ɓoyayyen jini, wanda ake tace mutane da shi don gano sankarar hanji da wuri. A Ingila hukumar lafiya na aika wa masu shekara 50 zuwa 74 'yar kwalba ta gidan waya duk shekara biyu. Tsinke ne a murfi, a goga kansa a bayan gida sau ɗaya, a mayar a rufe, a jefa a akwatin wasiƙa. A Amurka tun 2021 aka sauko da shekarun fara tacewa zuwa 45. Mu nan babu mai aiko wa kowa, sai wanda ya nema, kuma ya kamata ya tambaya wane iri ne. Tsohon nau'in gwajin, na kati, ba ya bambanta jinin mutum da na dabba, don haka tsiren daren jiya na iya sa ya nuna jini. Ana barin jan nama kwana uku kafin a yi. Sabon nau'in kuwa jinin ɗan Adam kaɗai yake kamawa, babu ruwansa da abin da aka ci. Amma zafi na lalata jinin da ke cikin kwalbar, jinkiri kuma na iya mayar da "akwai" ta koma "babu". Mace mai al'ada ta bari sai ta yi tsarki da 'yan kwanaki. Kuma ganin jini ba hukuncin sankara ba ne. Basir ma na jawo shi, tsiron da bai zama komai ba ma haka. Ma'anarsa a shiga da kyamara a duba hanjin. Haɗarin da na fi gani a wajenmu shi ne akasin tsoro: komai aka gani a ce basir ne, a koma wajen mai magani a tasha, shekara ta zagayo.

Su kuma kayan da ake talla a intanet, a aika samfur ƙasar waje a dawo wa mutum da jadawalin ƙwayoyin hanjinsa da jerin abincin da zai ci, ban ga abin da mai ciwon ciki zai ƙaru da shi ba. Har yau masana ba su daidaita kan yadda lafiyayyen hanji ya kamata ya kasance ba. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan harka, uBiome na Amurka, ya durƙushe a 2019 bayan jami'an tsaro sun kai samame ofishinsa kan yadda yake cajin kamfanonin inshora.

Akwai wata damuwa da ba a rubuta ta a takardar likita amma tana cikin zuciyar dattijon can: najasa ce a aljihunsa, ga lokacin sallah na matsowa. Malaman fiƙihu da dama sun yi magana kan mai sallah ɗauke da kwalbar najasa ko da a rufe take, don haka damuwarsa tana da tushe. Sai dai maganinta da maganin lalacewar samfurin ɗaya ne, a rabu da shi da wuri. A karɓo kwalba tun jiya, a san ƙarfe nawa ake buɗe ɗakin gwaji, a daidaita fita da wannan lokacin gwargwadon iko, a wuce kai tsaye a ce wa ma'aikaci wannan ba ya jiran layi. Ma'aikatan ma da nasu laifin. Kwando guda a gefen taga da aka rubuta "ajiye a nan ka sanar", da jimla biyu na bayani cikin Hausa lokacin miƙa kwalba, za su rage yawan takardun "ba a ga komai ba" fiye da sabuwar na'ura.

Kuma ba abu ne da ya gagara a ƙasar nan ba, yaƙi da shan inna ya nuna haka. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗibar bayan gidansa sau biyu, aƙalla sa'a 24 tsakani, cikin kwana 14 da fara ciwon. Giram 8 zuwa 10 kowanne. A gidan iyayensa ake yi, sau da yawa uwar ce ke ɗiba bayan jami'i ya nuna mata. A sa a kula mai ƙanƙara, a bi da shi ta babur da mota har ya isa ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana uku, in ƙanƙarar ta narke a hanya a rubuta cewa samfurin bai cika sharaɗi ba. Ta wannan hanya aka gano cutar ta sake ɓulla a Borno a 2016 bayan shekara biyu ana zaton ta tafi, kuma da tarin irin waɗannan kwalabe aka kafa hujjar da ta sa a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. A Kano ma tun 2011 ma'aikata ke zuwa da sassafe bakin manyan magudanan ruwa da guga da igiya, su ɗebi abin da unguwanni suka zubar cikin dare, su rufe a kula su kama hanya kafin rana ta yi zafi.